Alƙalin da wanda aka rataye duk makarantarsu ɗaya

Bara na je taron tsofaffin ɗalibai na sakandaren da na yi. An kafa rumfuna, an jera mana kujerun roba, manyan baƙi kuma aka ba su na kushin a gaba. Da mai gabatarwa ya karɓi lasifika sai ya shiga lissafo 'ya'yan da makarantar ta haifa: wane kwamishina, wane farfesa, wane janar mai ritaya. Kowane suna aka kira sai tafi raf-raf-raf. Kusa da ni akwai wani da muka kwana ɗaki ɗaya shekara uku, wanda duk ajinmu babu mai kama ƙafarsa a lissafi, yau kuwa faci yake yi a bakin tasha. Da shi ake tafin. Akwai kuma wani ɗan ajin gabanmu da sunansa ke zuwa farko a jerin shekarun baya, amma tun da aka ɗaure shi kan cin amanar dukiyar jama'a, sai ka ce bai taɓa taka harabar makarantar ba.

Abin ya tsaya mini a rai, domin irin wannan jeri kowa na son sa, kuma kowa ya san akwai coge a ciki. Inda aka fi ƙwarewa a kansa kuwa Amurka ne. Jami'ar Harvard takan tuna wa duniya cewa shugabannin ƙasar takwas sun bi ta hannunta. Wannan gaskiya ne. Sai dai tsofaffin kwalejojin Amurka suna da wani abu da kan tona asirin jerin alfahari: an adana labarin ɗalibansu na farko ɗaya bayan ɗaya, na kirki da na banza, wanda ya yi suna da wanda ya mutu ba a san da shi ba. Wanda ya bi wannan labari tiryan-tiryan zai daina yarda cewa makaranta ce ke ƙera manyan mutane.

An kafa Harvard a 1636, a yankin Massachusetts, lokacin Turawan Ingila masu tsattsauran ra'ayin addini ba su fi 'yan shekaru da sauka a wurin ba. Tsoronsu shi ne kada malaman cocin da suka taho da su su mutu a bar jama'a a hannun jahilai. Karatun kuwa Latin ne da Girkanci da Ibrananci, da nahawu da balaga da manɗiƙi, sai muhawara a gaban malamai. A 1642 aka yaye ɗaliban farko, su tara. Mafi yawansu ba su tsaya ba. A shekarar ne yaƙin basasa ya ɓarke a Ingila tsakanin sarki da majalisa, 'yan aƙidarsu suka samu iko, guraben aiki suka buɗe, sai samarin suka hau jirgin ruwa suka tafi ci-rani ƙasar da iyayensu suka baro. An gina makaranta don a samu masu riƙe gida, ita kuwa ta fara da yaye masu barin gida.

Cikin taran nan akwai George Downing. Ya fara da wa'azi a rundunar wani kanar mai suna John Okey, daga nan ya zama shugaban 'yan leƙen asirin Oliver Cromwell, jagoran sojojin majalisa, a Sikotlan, sannan jakada a ƙasar Holan. Da iska ta juya a 1660, sarauta ta dawo, sai ya tuba ya bi sabon sarki, ya ce ai a can Amurka aka cusa masa miyagun ra'ayoyi yana yaro. Don ya nuna tubansa na gaske ne, a 1662 ya shirya aka kama mutum uku daga cikin waɗanda suka sa hannu a hukuncin kashe tsohon sarki, suna ɓoye a garin Delft, aka tasa ƙeyarsu zuwa Landan aka yi musu kisan wulaƙanci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Okey, ubangidansa na dā. Mutanen da ya baro a Amurka har karin magana suka yi da sunansa, in mutum ya ci amana sai a ce wane George Downing ne sak. Amma fa mutumin gwani ne, ya gyara yadda Baitulmalin Ingila ke karɓar bashi da biyansa, ya tara dukiya, ya gina jerin gidaje a Landan. Titin Downing da Firaministan Birtaniya ke zaune a kansa yau sunansa ne. In suna ake nema, babu ɗan ajin 1642 da ya kai shi. Ko mai lasifika zai kira shi?

Inda na fi so mai karatu ya tsaya ya duba shi ne ƙauyen Salem, a yankin Massachusetts, a shekarar 1692. Wasu 'yan mata suka fara faɗuwa suna ihu suna kiran sunayen mutane, wai su suka kama su da maita. Gwamna William Phips ya kafa kotu ta musamman. Kotun ta yarda da wata irin shaida mai ban tsoro: in yarinya ta ce siffar wane ta zo mata tana mintsinin ta, alhali shi yana gidansa, an karɓa. Kafin abin ya lafa an rataye mutum 19, an danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu.

To duba su wane ne a wurin. Shugaban alƙalan, William Stoughton, ya gama Harvard a 1650, ya ƙaro karatu a Oxford. A gefensa akwai Samuel Sewall, ɗan ajin 1671, da Nathaniel Saltonstall, ɗan ajin 1659. Cikin waɗanda aka gurfanar akwai George Burroughs, ɗan ajin 1670, wanda ya taɓa yin limancin cocin ƙauyen, ya bar shi bayan rigimar albashi da bashin da ya ci wajen wani babban gida don jana'izar matarsa. Har daga yankin Maine aka je aka kamo shi. Cikin hujjojin da aka kawo a kansa akwai cewa ƙarfinsa ya wuce na mutane, wai yana ɗaga doguwar bindiga da yatsa ɗaya a bakinta.

Ranar 19 ga Agusta aka kai shi wurin rataya. Yana tsaye a kan tsani ya karanta addu'ar da Kiristoci ke kira Addu'ar Ubangiji daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba. Mutanen lokacin sun yi imani maye ba ya iya karanta ta daidai. Jikin jama'a ya yi sanyi, wasu suka fara hawaye, har ana ganin kamar za a hana kisan. Sai wani matashin malami da ke kan doki, Cotton Mather, ɗan ajin 1678, wanda ya shiga Harvard tun bai kai shekara goma sha biyu ba, ya ɗaga murya ya tunatar da su cewa Shaiɗan yakan rikiɗa ya yi kamar mala'ika. Aka ci gaba da aiki. Wani ɗan kasuwar Boston da ya rubuta labarin daga baya ya ce ramin da aka tura gawar tsakanin duwatsu bai ma rufe haɓarsa da hannunsa ɗaya ba.

Littattafai ɗaya suka karanta, manɗiƙi ɗaya aka koya musu, watakila ma a kan benci ɗaya. Saltonstall tun bayan shari'ar farko ya ga abin ba na yi ba ne, ya ajiye muƙamin ya koma gida. Stoughton kuwa ko gezau. A farkon 1693 ya sake sa hannu a takardun kisan wasu mutum takwas, da gwamna ya dakatar da hukuncin sai ya fusata ya fice daga kotu. Har ya mutu a 1701 ba a ji ya nemi gafarar kowa ba, kuma ya riƙe mulkin yankin shekaru da dama bayan shari'ar Salem. Sewall shi abin ya ci. A watan Janairun 1697, ranar da aka keɓe don azumi da neman gafara, ya miƙa wa limamin cocinsu takarda, ya miƙe tsaye a gaban jama'a ana karantawa, yana cewa ya ɗauki laifin da kunyar abin da aka yi. Shekara uku bayan nan ya fitar da wata 'yar ƙasida yana sukar cinikin bayi, a lokacin da manyan Boston ke cin riba da shi. Shugaban Harvard na lokacin, Increase Mather, mahaifin mai dokin nan, shi ne ya rubuta cewa gara mayu goma su kuɓuta da a kashe mutum ɗaya mara laifi, amma sai da aka gama ratayewa rubutun ya fito.

Na san abin da za a ce. Ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba, makaranta ilimi take bayarwa, ba za a ɗora mata laifin Stoughton ba. Na yarda. To amma in ba ta ɗauki Stoughton ba, da wane baki za ta ce ita ta yi Sewall? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da Salem ya nuna mini shi ne karatu wasa wuƙa yake yi, ba ya zaɓa mata abin yankawa. Da ilimin ne Stoughton ya kare shaidar banza da hujjoji masu tsari, da shi ne kuma Sewall ya samu kalmomin tuba.

Akwai wata al'ada a Harvard da ke ba ni dariya. Har zuwa 'yan shekaru kafin samun 'yancin Amurka, ba da ƙoƙari ake jera sunayen ɗalibai ba, da darajar gidansu ake yi. Ɗan gwamna a sama, ɗan alƙali na biye, ɗan manomi can ƙasa, kuma wannan jeri shi ke nuna inda za ka zauna da lokacin da za ka ɗebi abinci. John Adams, wanda ubansa manomi ne mai ɗinkin takalma, a tsakiyar jerin ajin 1755 ya samu kansa. Da ya gama sai ya tafi garin Worcester koyar da yara, aikin da bai so ba, yana karatun lauya da dare. Shi ya zama shugaban Amurka na biyu. Thomas Hutchinson kuwa, ɗan babban gida, ɗan ajin 1727, ya kai gwamna, amma ya tsaya wa sarkin Ingila, 'yan zanga-zanga suka farfasa gidansa a 1765, ya mutu yana gudun hijira a Ingila a 1780 yana begen garinsu. Masu son makaranta sukan nuna Adams su ce ga shi nan, ilimi ya ɗaga ɗan talaka. Haka ne, ya ɗaga shi, ba na musu. Sai dai Adams Bature ne, namiji, ɗan gari. Ƙofa a buɗe ya same ta.

Waɗanda suka zo da takarda iri ɗaya suka tarar da ƙofar a kulle su ne jerin alfahari ya fi cuta. Tun a shekarun 1650 Harvard ta gina wani sashe don 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, da kuɗin da aka tara a Ingila. Mutum ɗaya tak daga cikinsu ya kammala a wannan ƙarni, Caleb Cheeshahteaumuck na ƙabilar Wampanoag, a 1665. Bai cika shekara da gamawa ba tarin fuka ya kashe shi. Abokin karatunsa Joel, wanda ake yabon kaifin basirarsa, ya rasa ransa bayan hatsarin jirgin ruwa ana dab da bikin yaye su, sai a 2011 jami'ar ta ba shi digirinsa. Ginin kuwa kafin ƙarnin ya ƙare an rushe shi, an kwashe tubalinsa an yi wani aikin.

A 1826 baƙaƙen fata biyu suka gama kwaleji: John Brown Russwurm a Bowdoin, Edward Jones a Amherst. Russwurm ya shiga aikin jarida a New York, yana cikin waɗanda suka kafa jaridar baƙaƙen fata ta farko a Amurka a 1827. Shekara biyu kawai ya yi ya yanke ƙauna, ya ce baƙar fata ba zai taɓa zama cikakken ɗan ƙasa a nan ba, ya tafi Laberiya. 'Yan'uwansa da yawa suka kira shi maci amana. A can ya yi gwamna a yankin Cape Palmas daga 1836 har ya mutu a 1851. Jones shi Saliyo ya nufa, ya shugabanci kwalejin Fourah Bay shekaru masu yawa, makarantar da daga baya ta horar da malamai da ma'aikata daga sassan Afirka ta Yamma, har da Najeriya. Su biyun sun yi abin a zo a gani, amma sai da suka haye teku. Amherst da Bowdoin yau suna alfahari da su, alhali ƙasar da kwalejojin ke ciki ba ta samar musu wurin zama ba.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni Edward Bouchet ne. Ya gama jami'ar Yale a 1874, na shida a ajin mutum 124. A 1876 ya samu digirin digirgir a kimiyyar fiziks, baƙar fata na farko da ya samu irin wannan digiri a wata jami'ar Amurka, kuma a lokacin masu irinsa a fiziks a duk ƙasar 'yan ƙalilan ne. Babu jami'ar Turawa da ta ɗauke shi. Ya tafi wata makarantar yaran baƙaƙen fata a Filadelfiya ya koyar shekara 26. A 1902 masu makarantar suka yanke shawarar cewa sana'ar hannu ta fi dacewa da baƙar fata fiye da kimiyya, sai ya bar wurin. Daga nan yawo ya yi daga wannan gari zuwa wancan, nan malami, can shugaban 'yar sakandare, har ciwo ya mayar da shi garinsu New Haven ya mutu a 1918. Wani zai ce ai koyar da yara ba faɗuwa ba ne, kuma da gaskiyarsa, Allah kaɗai ya san yara nawa suka zama mutane a hannunsa. Amma shi ba a ba shi zaɓi ba. Ina tuna abokina mai faci duk lokacin da na tuna Bouchet, ko da yake abin da ya tare su ba ɗaya ba ne.

Mata kuwa sai da aka yi shekara ɗari biyu ana yaye maza kafin a fara ba su digiri. Kwalejin Oberlin ta ba mata uku a 1841. Lucy Stone da ta gama a can a 1847 an nemi ta rubuta jawabin bikin yaye ɗalibai, da sharaɗin namiji ne zai karanta, domin bai dace mace ta yi magana a gaban taro ba. Ta ce a bar shi. Sauran rayuwarta jawabi ta yi ta yi a gaban taro.

Wani lokacin ma ɗalibin kansa bai san abin da ya shuka ba. Eli Whitney ya gama Yale a 1792 da bashi a wuyansa, ya nufi kudu neman aikin koyar da 'ya'yan masu kuɗi. A wata gona a Jojiya ya ƙera injin gurzar auduga. Bai samu kuɗin kirki da shi ba, kowa kwaikwayo ya yi ya bar shi da zaryar kotu. Amma injin ya sa noman auduga ya zama zinariya, masu gonaki suka buƙaci ƙarin hannu, bayi da ba su wuce kusan dubu 700 ba a 1790 suka kai kusan miliyan huɗu a 1860. A wane jeri za a sa Whitney?

Yanzu jami'o'in Amurka sun shiga wani sabon yayi, na kankare sunaye. A 2017 Yale ta cire sunan John C. Calhoun, ɗan ajin 1804, tsohon mataimakin shugaban ƙasa da ya kare bauta da dukkan ƙarfinsa, daga jikin ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗalibanta. Ban ga laifin hakan ba, babu dalilin da zai sa jikan bawa ya riƙa kwana ƙarƙashin sunan mutumin. Tsorona ɗaya ne: kada kankarewar ta zama irin ta mai lasifikarmu, wato a share wanda ya ba da kunya don jerin ya ƙara kyau. A cire sunansa daga bango, amma a bar shi a littafi, a rubuta ƙarara cewa nan ya yi karatu, nan aka wasa masa harshen da ya kare cinikin mutane da shi.

Wanda ya nuna yadda ake yi wani mai kula da laburaren Harvard ne, John Langdon Sibley. Ya ɗauki sunayen waɗanda suka gama tun daga 1642, ya bi kowa: ina ya tafi, wa ya aura, me ya yi, wa ya ci bashinsa, ya ya mutu. Ya tono rajistar coci da takardun gado da rubutun kan kabari. Mashayi ya rubuta mashayi, wanda aka kora daga limanci ya rubuta dalili. Juzu'i na farko ya fito a 1873, na uku a 1885, shekarar da ya mutu idanunsa sun kusa tafiya, kuma ajin 1689 kawai ya kai. Ya bar dukiyarsa wasiyya don a ci gaba. Clifford Shipton ya karɓa ya yi shekara arba'in yana yi, ya ƙara juzu'i 14. Da juzu'i na 18 ya fito a 1999, ajin 1774 aka iso. Aiki ne mai cin rai wanda ba a yi wa tafi, amma duk masanin da ke son ya san yadda malanta ta ragu a tsakanin ɗaliban, lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa suka yawaita, ko su wane ne suka bi sarki da waɗanda suka yi masa tawaye, can yake komawa. Jerin shugabanni takwas ba zai amsa masa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba.

Ni a ganina duk makarantar da ke son a yarda da alfaharinta, wannan ne harajin da za ta biya. Ta faɗi nawa suka shiga, nawa suka fita, ina kowa ya ƙare. Iyaye da ke sayar da gona don biyan kuɗin makaranta sun fi buƙatar sanin makomar ɗalibi na tsakiyar aji fiye da ta wanda ya zama gwamna, domin ɗansu ya fi kusa da zama na tsakiyar.

Ko Harvard mai Sibley ma wani ya kuɓuce mata. Richard Greener shi ne baƙar fata na farko da ya gama kwalejinta, a 1870. Ya yi farfesa a Jami'ar South Carolina har zuwa 1877, lokacin da masu wariyar launin fata suka dawo da ƙarfinsu aka rufe ta. Ya shugabanci sashen koyon lauya na Jami'ar Howard, ya wakilci Amurka a birnin Vladivostok na Rasha. Matarsa da 'ya'yansa, da yake fatarsu da haske, suka sauya suna suka shige cikin Turawa, 'yarsa Belle har ta zama mai kula da littattafan hamshaƙin attajiri J. P. Morgan ba tare da an san ko 'yar wace ce ba. Shi kuwa ya mutu a Chicago a 1922, kusan an manta da shi. A 2009 ma'aikatan da aka ɗauka su kwashe tarkacen wani kango a kudancin birnin kafin a rushe shi suka ci karo da wata tsohuwar adaka a saman rufi. A ciki akwai takardar digirinsa ta Harvard, ruwa ya ɗan taɓa ta, da lasisinsa na lauya.

A tsakiyar harabar Harvard kuwa har yau akwai wani ginin jan bulo da sababbin ɗalibai ke kwana a ciki. Sunansa Stoughton Hall, domin alƙalin Salem ya ba kwalejin kyautar gini kafin ya mutu. Burroughs an soke hukuncinsa a 1711, an ba 'ya'yansa diyyar fam 50.